Yadda Mai Keke Zai Rage Tumbi Ya Ƙarfafa Cikinshi

Tambayar da sabbin shiga sunka fi yi mini in mun tsaya shan ruwa bakin hanyar Ƙonni ita ce, "Yaya, kullum ina bisa keke amma tumbin ga ya ƙi tafiya, mi ke faruwa?" Ni ma na yi wagga tambaya. Shekara biyu cur ina fita bayan sallar asuba, cinyoyi sun yi ƙarfi, numfashi ya gyaru, amma riga tana nan tana matse ni a tsakiya, kuma da mun wuce awa ɗaya da rabi sai kwankwaso ya kama zogi har in dinga miƙewa bisa feda ina neman sauƙi. Na yi ta buga abdo, wato motsin cikin nan na tashi-zauna, ɗari-ɗari kowane dare, wuyana ne kawai ya yi ciwo. Daga baya na gane aiki biyu ne na haɗa wuri guda. Kitsen tumbi a kwanon cimaka ake rage shi. Shi kuma motsin ciki aikinshi daban, shi ke riƙe maka baya da ƙugu don ƙarfin ƙafarka ya sauka bisa feda maimakon ya watse cikin rangaji. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da ka motsa kawai, ko'ina yake ɗiba, kuma ga mafi yawanmu maza na ciki shi ke jinkirin tafiya.

Ga yadda nake ɗora ƙannenmu da sunka shigo cikinmu nan Tawa, daki-daki.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Mitar tela, irin wadda yake zagaya ka da ita in zai yi maka ɗinki. In babu, igiya ko zare mai kauri ya isa, ka ƙulla alama a kai. Tabarma ko tsohon bargo da za ka ninka biyu saboda gwiwar hannu, kada ka yi bisa katifa mai laushi don baya zai nutse. Waya mai agogon ƙirga daƙiƙa. Bidon ruwa irin ruwan ɗorawan nan da ke kowane gida, mai marfi da hannu mai kyau. Kaye da biro, ko ka rubuta cikin waya. Kwano guda naka na kanka wanda ka san girmanshi, da ƙaramin cokalin shayi. Sai gorar ruwa biyu na keke. Sikeli in akwai to, in babu kada ka damu, ana iya hawa na farmasi sau ɗaya a wata, mitar tela ta fi shi faɗin gaskiya a kan tumbi.

1. AUNA KANKA KAFIN KA TAƁA KOMI

Da safe bayan ka zaga, kafin ka ci ko ka sha, ka tsaya tsaye ka cire riga, ka zagaya mita daidai saitin cibiya, ka saki numfashi a hankali sannan ka karanta. Kada ka shanye ciki kada kuma ka tura shi. Ka rubuta lambar da kwanan wata. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce zagayen ciki kada ya kai rabin tsawonka, mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Masu igiya, ku auna tsawonku da ita ku naɗe ta gida biyu ta koma rabi, in ta zagaye ciki ta haɗu to kuna cikin iyaka. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, namiji da ya wuce 94 ko mace da ta wuce 80 haɗarin ciwon suga da hawan jini ya fara ƙaruwa, in an kai 102 ga namiji ko 88 ga mace abin ya yi yawa sosai.

Kuskuren da ake yi nan shi ne auna kullum. Ciki na hawa da sauka saboda ruwa, gishiri, iska, ko tuwon jiya, sai mutum ya karaya a banza. Sau ɗaya a mako, rana guda, lokaci guda.

2. KWANA UKKU KA RUBUTA DUK ABIN DA YA SHIGA BAKINKA

Kada ka canza komi tukuna. Ka rubuta har gyaɗar dala biyar da ka saya a hanya, da shayin fada kofi nawa, da lemun da anka ba ka wurin suna. Ranar da na yi wanga aiki na ga na sha shayi zagaye biyu a yini, na hantsi da na bayan isha'i, ga fura da suga da rana, ga lemun kwalba da marece, kuma duk lokacin ga ganina ni mutum ne mai ƙarancin ci tunda tuwo kaɗan nake ci. Takarda za ta nuna maka inda matsalarka take, don ta kowa daban ce.

3. FARA DA SUGAN DA KAKE SHA

Wanga mataki shi ɗai in ka riƙe shi wata biyu za ka ga canji a mita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin cimakar yini, wato kamar giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12 ke nan, in an iya komawa 6 ya fi. To lemun gwangwani guda mai santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Ƙwayar suga guda ta kwali giram 5 zuwa 6 ce, ka tsaya ka kalli mai dafa shayi ka ƙirga ƙwaya nawa yake jefawa cikin buta tun daga na farko har na ukku. Awa guda bisa keke a matsakaicin gudu, mutum mai kilo 70 zai ƙone kalori wajen 400 zuwa 600, lemu biyu da fanke na dala ashirin sun mayar da kusan duka, kuma ba za ka ji ka ƙoshi ba.

Ban ce ka bar fada ba, zumunci ne kuma ba wanda zai ɗore da tsarin da ya raba shi da mutane. Abin da na yi, na ce da mai dafawa ya zuba mini nawa kafin ya sa suga, ko in sha na farko kawai in bar sauran. Mako na farko za a yi ta magana, daga baya a saba. Lemun kwalba ka mayar da shi na ranar buki. Zoɓo da lemun haɗi na leda su ma suga ne cike, in kana so a dafa maka a gida da citta da kanumfari ka sa cokali guda ko ka sha haka nan.

Sai fura. Ni ba na cikin masu cewa a bar ta, gero ne da nono, cimaka ce ta ƙwarai kuma ita ta raine mu. Matsala biyu ce, sugan da ake antaya mata, da kuma shan ta a bisa abinci kamar ruwa. Ka ɗauke ta a matsayin kalaci guda cikakke: nono ya fi yawa, fura dunƙule guda, suga cokali ɗaya ko dabino biyu a dama ciki. In ka sha ta da rana to ta tsaya a madadin shinkafa, kada ta biyo bayanta.

4. GYARA KWANO

Ka raba kwanonka a ido. Rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko dambu ko taliya. Ranar doguwar tafiya bisa keke kason tuwo ya ƙaru, ranar hutu ya ragu. Kada ka yanke hatsi gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, mai keke da shi yake tafiya, in ka yanke kwana huɗu za ka ji ƙafa ta mutu kuma dare ɗaya yunwa za ta sa ka rama duka.

Ganye ba mu da matsalarshi: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabeji, salati, tumatir, karas, ga albasar Galmi. Lokacin sanyi kayan garka sun yi araha sai ka ci da yawa, lokacin da sunka yi tsada ka koma busasshen zogale da kuka da kuɓewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa kwano ne mai cika ciki, a dai rage man da ake kwararawa a kai. Dambu kuma ka ce a yawaita zogale ya rinjayi tsakin.

Abin gina jiki shi mutane sunka fi sakaci da shi, alhali shi ke hana naman jikinka zubewa lokacin da kake rage ci, kuma shi ke riƙe yunwa. Mai horo sosai yana buƙatar giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyinshi a yini, mai kilo 70 kamar giram 85 zuwa 110 ke nan. Ƙwai guda na ba da kamar giram 6, nono rabin lita kamar 16, busasshen wake da ba a dafa ba giram 100 kamar 23, nama ko kifi dafaffe girman tafin hannunka kamar 25, gwangwanin sardin kamar 20. Ba sai nama kullum ba, mun san halin aljihu. Wake shi ne gatanmu, in za a yi shinkafa da wake ka ce wake ya fi yawa. Ga cuku, ga kifin Tabalak in ya shigo kasuwa, ga fara a lokacinta, ga kilishi kaɗan in dai ba ka da hawan jini. Ka raba shi kashi ukku a yini, kada ka tara duka da dare.

Mai shi ne ɓoyayyen abu. Babban cokali guda kalori kusan 120 ne, kuma ba ya ɗaukar wuri cikin ciki. Man da ake zubawa bisa shinkafa da wake, mayonez cikin burodi da ƙwai wurin mai shayi, soye-soyen marece, nan abin yake taruwa. Ka karɓi cokali ka zuba da hannunka. Gyaɗa na da amfani amma kusan rabinta mai ne, cikin tafi guda ya isa. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Nasan da yawanmu tire guda ake ci da iyali ko da abokan aiki, ba zancen raba kwano. Abin yi, ka fara cin kwaɗo ko salati da ruwa kofi guda kafin ka zauna, ka ci a hankali, ka tsame hannu lokacin da ka ji saura kaɗan ka ƙoshi. Ka kuma zauna da uwargida ko mahaifiya ka yi mata bayani da ladabi, don ita ke riƙe da ludayi da kwalbar mai, in ba ta fahimta ba za ta ɗauka girkinta ne ka raina. Ni sai da na kai mita gida na nuna lambar sannan anka fahimce ni, yanzu gidan duka an rage mai.

Saurin da ya dace shi ne rabin kilo a mako ko ƙasa da haka. In kana zubewa fiye da kilo guda kowane mako to har da nama da ruwa kake asara, za ka gani a tudu.

5. CI DA SHA NA KEKE

Fitar asuba wadda ba ta wuce awa guda ba kuma a hankali, kana iya yinta da ruwa kawai ko dabino ukku. Wadda za ta wuce awa ɗaya da rabi, ka sha koko ko kunu kofi guda ko ayaba kafin ka hau, sannan a hanya ka dinga cin giram 30 zuwa 60 na abin ba da ƙarfi kowace awa, dabino 6 zuwa 8 ke nan ko ayaba biyu. Nan ne wurin da suga ke da amfani, bisa keke lokacin da jiki ke ƙona shi nan take. Kada ka ce za ka je Badagishiri ka dawo da yunwa don tumbi ya yi saurin tafiya. Na ga yaro ya yi haka, a hanyar dawowa hannunshi ya kama rawa, gani ya dushe, sai da munka zaunar da shi ƙarƙashin aduwa munka ba shi dabino da ruwa ya fi rabin awa kafin ya iya hawa, kuma da ya isa gida ya ci abincin mutum biyu.

Ruwa rabin lita zuwa lita guda a awa, gwargwadon zafi, kurɓi-kurɓi kowane minti 15. Watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ka gama kafin ƙarfe 9, kuma ka sa ɗan gishiri yatsa biyu cikin gora guda. Ka duba fitsari, in ya yi ja-ja kamar shayi ruwa bai isa ba. Zufa ba kitse ba ce, don haka rigar leda da bel ɗin roba da ake ɗaurawa a ciki ba sa rage komi sai ruwan jiki, kuma a zafin Tawa suna iya kayar da mutum.

Bayan ka sauka, cikin awa guda ka ci kalaci na sosai mai abin gina jiki: ƙwai biyu ko ukku dafaffu da rabin burodi, ko fura da nono, ko wake. Wanda ya sauka ya ƙi ci shi ke faɗawa soye-soye da hantsi.

6. KOYI ƊAURE CIKI, SANNAN MOTSI BIYAR

Kafin komi ka kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa. Ka sa yatsu gefen mara, ka yi tari kaɗan, naman da ka ji ya taso ƙarƙashin yatsunka shi muke nema, shi ne ke zagaye ciki kamar ɗamara. Ka ɗaure shi kamar wani zai kai maka naushi, amma ka ci gaba da numfashi har ka iya magana. Duk wanda ya taɓa kallon kokowa ya ga yadda ɗan kokowa ke tsayawa a duƙe ana tura shi bai gusa ba, wanga ɗaurin ne. Ka riƙe daƙiƙa 10, sau biyar. In ba ka iya wannan ba sauran duka baya ne zai ɗauki nauyin.

Na farko, genaj na gaba, wato riƙe jiki a miƙe ba motsi. Ka kifa, gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, yatsun ƙafa a ƙasa, ka ɗaga jiki ya miƙe kamar katako tun daga ƙeya har dunduniya. Matse ɗuwawu, ɗaure ciki, ido na kallon tabarma. Daƙiƙa 20, hutu 30, sau ukku. Kowane mako ka ƙara 5 har ka kai 45 ko 60, ba buƙatar wuce nan. Kuskure biyu ne, ko kwankwaso ya lotsa ƙasa ko ɗuwawu su tashi sama. Ka sa wani ya ɗora maka sandar tsintsiya a baya, ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ɗuwawu. Da ka ji nauyi ya koma kwankwaso ka sauka ko lokaci bai cika ba. In ya yi wuya ka fara da gwiwoyi a ƙasa, ko ka dafa benci.

Na biyu, genaj na gefe. Ka kwanta a gefe, gwiwar hannu ƙarƙashin kafaɗa, ƙafa bisa ƙafa, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe. Daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe. Shi ke hana ka rangaji bisa sirdi in kana hawan tudu. Za ka tarar gefe guda ya fi rauni, ka fara da shi. Mai farawa ya tanƙwara gwiwoyi ya ɗaga daga nan.

Na ukku, wanda muke ce ma ƙwaro ya wuntsila. Rigingine, hannuwa sama, gwiwoyi sama a tanƙware kamar kana zaune bisa kujera. Manna kwankwaso da tabarma, sannan ka miƙe hannun dama baya da ƙafar hagu gaba a hankali kana sakin numfashi, ka dawo, ka canza. Sau 6 zuwa 8 kowane gefe. Ni wanga na fi so ga mai keke don abin da ake yi bisa feda ke nan, ƙafa na aiki ciki na tsaye cik. Ka sa tafin hannu ko ɗan ƙyalle ƙarƙashin kwankwaso, in ka ji ya saki to ƙafar ta yi nisa, ka rage.

Na huɗu, rarrafe. Hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, ka miƙe hannu guda gaba da ƙafar ɗaya gefen baya, riƙe daƙiƙa 5, sau 6 kowane gefe. Ka ɗauka akwai ƙwaryar nono a bayanka kada ta zube. Ƙafa kada ta wuce tsayin baya.

Na biyar, gada. Rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ka taka da dunduniya ka ɗaga ƙugu sama, matse ɗuwawu daƙiƙa 2, sauko a hankali, sau 12. In ya yi sauƙi ka koma ƙafa guda. Zama bisa sirdi da bisa kujera na sa naman ɗuwawu ya yi sanyi, sai kwankwaso ya ɗauki aikin da ba nashi ba, daga nan zogin nan ke fitowa ga mutane da yawa.

Bayan wata guda ka ƙara da bido. Ka zuba ruwa lita 8 ko 10, lita guda kilo guda ce, ka ɗauka da hannu ɗaya ka yi taku 30 a miƙe ba tare da ka karkata ba, ka canza hannu. Ka ƙara ruwa sannu-sannu. A ƙarshe ka durƙusa gwiwa guda a ƙasa ɗayar ƙafa gaba, matse ɗuwawu ka tura ƙugu gaba kaɗan har ka ji gaban cinya ta sama ya ja, daƙiƙa 30 kowane gefe. Naman wurin na ɗaurewa ga masu keke, ya ja ƙugu gaba ya turo ciki waje, shi ya sa za ka ga siririn mutum da ɗan tumbi alhali tsayuwa ce ta lalace.

Abdo na tashi-zauna da ake ja da wuya, na bar shi. Mai keke dama a duƙe yake wuni, ba ya buƙatar ƙarin lanƙwasa baya ɗaruruwa.

7. JERA SU CIKIN MAKO

Motsin ciki sau ukku a mako, minti 15, a bar kwana guda tsakani. Zagaye biyu a makonni biyun farko, sannan ukku. Ka yi bayan keke ko da marece, kada ka gajiyar da ciki sannan ka hau doguwar hanya, kuma kada ka yi da cikakken ciki, a ba abinci awa biyu.

Keke kuma sau ukku ko huɗu. Mafi yawa a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai, guda mai tsawo a ƙarshen mako, sai rana ɗaya ta wuta: bayan ɗumi na minti 15, ka taka da ƙarfi minti 3, ka sassauta minti 3, sau huɗu ko biyar. Lokacin hunturu iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas ta isa ta zame maka tudu, ka fara fita kana fuskantarta don ta turo ka a dawowa. Bisa keke ka dinga tuna ɗaurin cikin nan kaɗan-kaɗan, gwiwar hannu a sake, kafaɗu a ƙasa.

Ka duba sirdi ma. Ka zauna ka ɗora dunduniya bisa feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya yi tsawo za ka dinga rangaji, in ya yi gajere gwiwa za ta yi ciwo, kuma ba genaj ɗin da zai gyara wannan. Barci awa 7 ko fiye, wanda ya kai ƙarfe ɗaya a fada ya tashi asuba yunwa da kwaɗayin zaƙi za su bi shi duk yini.

8. LOKACIN AZUMI

Keke ya koma gajere kuma a hankali, minti 30 zuwa 45 daf da shan ruwa, ko bayan asham in hanya na da haske da tsaro. Ranar wuta a ajiye ta sai bayan salla. Motsin ciki bayan asham, zagaye biyu ya isa. Buɗa baki da dabino ukku da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci, don wanda ya fara da lemun ƙanƙara da soye-soye shi ne ke fita azumi da tumbi fiye da yadda ya shiga. Sahur ya ƙunshi nono ko ƙwai ko wake, ruwa kuma a rarraba shi tun magariba har asuba.

9. BAYAN MAKO SHIDDA

Ka ɗauko kaye ka duba lambobin. Abin da mutane sunka fi fara ji shi ne kwankwaso ya daina zogi kuma suna iya zama bisa sirdi ba mutsu-mutsu, mita tana biyo baya a hankali. In ba ta motsa ba sam, kada ka ƙara genaj, ka sake rubuta cimakar kwana ukku, galibi za ka tarar suga ya dawo ta wata ƙofa ko tuwon dare ya ƙaru. Ka gyara abu guda, ka ba shi mako biyu. In kuma wake ko nono na kumbura maka ciki, ka jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan kafin a dafa, ka fara da kaɗan, madara kuma ka koma nono mai tsami.

Maganin rage tumbi da ake talla a kasuwa da cikin waya, shayi ne ko gari ko jiƙo, mafi yawansu gudawa suke sawa, ruwa ne ke fita, kuma ba ka san abin da anka zuba ciki ba balle abin da zai yi ma ƙoda da hanta. Kada ka sa kuɗinka.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita kafin su fara: mai ciwon suga musamman mai shan magani ko allura don rage ci da doguwar tafiya na iya kayar da suganshi, mai hawan jini wanda shi kada ya riƙe numfashi cikin genaj ko kaɗan, mai ƙaba ko kumburi a cibiya ko mara, wanda anka yi ma aiki a ciki, da mai ciwon baya da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki. Ƴan uwa mata masu hawa keke, duk tsarin ga naku ne, sai dai mai juna biyu ko wadda ta haihu kwanan nan ta fara tambayar ungozoma ko likita, don naman ciki kan rabu a tsakiya kuma genaj da wuri na iya ƙara shi. Wanda kuma jikinshi ke ramewa ciki na ƙara girma, ko ƙafafu na kumbura, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, wannan ba tumbin kitse ba ne, ya ajiye keke ya tafi asibiti a duba shi cikin makon.